Sakatar Ɗakinki

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata tun isarki Cadakori kin sauke gajiyar hanya, kuma ƙauyen da aka tura ki koyarwa ya karɓe ki hannu biyu. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin abin da kike gani da wanda ba kya gani. Innarki tana gaishe ki, Goggo Rabi ma ta ce a gaishe da Madam, wai yanzu ba a kiran sunanki gatsau.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan ko a waya ma a yi shi. Abin da ya sa na ɗauki biro, ni da rubutu ya fi mini noman rani wuya, magana ce guda da kika yi a tashar Gazawa ana ɗaure kayanki a saman mota. Kika ce, "Baba, can ba wanda ya san ni. Madam kawai za a ce mini, ba mai faɗuwa ba." Kika yi dariya, ni ma na taya ki don kada in ɓata miki tafiya. To tun ranar ko tuwo ba na jin daɗinsa. Innarki ta ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne, tsoro ne, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Shekara da shekaru a gidan nan muna cewa "abin nan", ko "ciwon nan", kamar in an ambaci sunansa zai amsa. Yau zan rubuta shi, in ya so biron ya karye: farfaɗiya. Ciwo ne, kina da shi, kina shan magani, kuma kin tafi da shi garin da kike murna ba wanda ya sani. Wannan murnar taki ita ce ta hana ni sukuni.

Kin sha tambayata tun kina ƙarama, "Baba, duk fina-finan tsoron da ka nuna, wanne ya fi ba ka tsoro?" Kullum sai in ce miki ni ba na jin tsoro, ki ce ƙarya ne, innarki ta ce ba a ce wa uba maƙaryaci. Yau zan ba ki amsa, amma sai kin yi haƙuri, kin san babanki ba ya zuwa masallaci sai ya bi ta kasuwa.

Kin tuna gidan kallona na bayan tasha? Rumfar zana, an toshe kafofin haske da buhuna, tele guda a kan durom, ga gurup ɗin nan, injin ba da wuta, da sai an lallashe shi kamar jaki kafin ya tashi. Ranar kasuwa bayan azahar wuri yake cika, masu kabu-kabu da ƴan dako da Fulanin da suka gama ciniki, kowa ya matsa kan benci. Ke kuma ki ɗare kan akwatin kaset, in kore ki ta gaba ki dawo ta baya. Ni dai wurin zamana gefen tele ne, ina fuskantar jama'a, don haka na fi kallon fuskokinsu a kan fim ɗin. A nan na koyi abin da ke ba mutum tsoro.

Ba dodo ba ne, wallahi. Duk lokacin da aka fito da mai ƙaho da haƙora zaƙo-zaƙo, dariya ake yi. Wani ya ce fatar bunsuru ce aka ɗinka masa, wani ya ce jinin nan manja ne, a kawo doya. Akwai wani dattijon Bafillace da yake ajiye sandarsa a bakin ƙofa, ya taɓa kallon wani ƙaton dodo ya ce, "Aradu wannan ko maraƙina ba zai kora ba." Masu boka da ƙoƙon kai ma haka, an san su, an san ƙarshensu, a wuta za su ƙare. Matan fatalwa masu farin zane da suke yawo suna waƙa kuwa, samari har so suke su sake fitowa.

Amma akwai ɗaya, wanda kika fi so, wanda kika sa na maimaita har kaset ɗin ya fara ja. Mace ta ji motsi, ta ruga ɗaki, ta rufe ƙofa ta danna sakata, ta jingina da ƙofar tana ajiyar zuciya wai ta tsira. Mu kuwa ƴan kallo mun riga mun ga abin da take gudu yana cikin ɗakin, bayan labule. A tsakar gida ga ƴar uwarta tana wanke-wanke tana ƴar waƙarta, taku kaɗan ne tsakaninsu. A wurin nan ba mai dariya. Wuri ya yi tsit, sai ƙarar gurup. Sai kuma ihu ya ɓarke: "Ke, buɗe ƙofar! Ke mai wanke-wanke, tashi mana, kurma ce ke?" Wani mai kabu-kabu ya taɓa jifan tele ɗina da takalmi saboda takaici, da ƙyar aka raba mu. Abin da ke tayar musu da hankali shi ne suna gani, suna kira, ba a jin su, kuma mai iya taimako tana kusa amma ba wanda ya gaya mata.

Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ranar da kika fara faɗuwa, da la'asar ne, kin fito daga gidan kallo kin shigo gida kina taya innarki tankaɗe. Sai kawai rariya ta suɓuce, kika zube, jikinki yana karkarwa, kumfa a bakinki. Mata suka watse, kowa ta ja ɗanta. Ni da aka kira na shigo da gudu, na zo daf da ke, sai ƙafata ta tsaya. Tun ina yaro nake jin ana cewa wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa shi ma ya ɗauka. Na tsaya ina salati daga nesa, ɗiyata tana buga kai da ƙasa. Goggo Rabi ce ta yar da ƙwaryarta ta bangaje ni, tana cewa, "Sani, ɗiyarka ce fa, ba kura ba! Matsa in ba za ka iya ba!" Ta durƙusa ta juya ki kan gefenki, ta naɗe zanenta ta sa miki a ƙarƙashin kai, ta goge miki baki da mayafinta. Ga ta nan har yau garau, ba abin da ta ɗauka, sai cin goro da faɗa.

Na gaya miki wannan ne don ki san mutum yana iya ƙaunarki har ransa, ya kuma tsaya kamar gungume in bai san abin yi ba. Ubanki ma ya tsaya, balle baƙo. Waɗanda za su gudu a can ba mugunta ce za ta kore su ba, tsoro ne da rashin sani. Saboda haka tun kina tsaye da ƙafarki, da bakinki, ki koya wa na kusa da ke: ba a sa cokali a baki, ba a danne mutum, ba a kwara masa ruwa ko a ɗura masa wani abu. A janye wuta da duk abin da zai ji masa ciwo, a juya shi kan gefe, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, a zauna kusa har ya farfaɗo. In ya daɗe bai lafa ba, ko ya sake dawowa a kai a kai, a nemi abin hawa a yi gidan likita. Wanda aka gaya wa jiya shi ne yake durƙusawa yau.

Bayan wannan faɗuwar, gari ya ɗauka. Aka ce ai mai nuna aljanu a tele dole wata rana su biyo shi gida. Ni kuma na yarda, don na fi kowa neman wanda zan ɗora wa laifi, ko da ni ne. Na kwashe kasusuwan tsoron nan kaf na cinna musu wuta a bayan gida, kina kuka kina cewa in bar miki ɗaya. Na rufe gidan kallo. Daga nan muka shiga yawo da ke. An ce akwai wani mai magani ta wajen Gidan Rumji, muka je, ya lulluɓe ki da bargo ya tura miki hayaƙi har idanunki suka yi ja kamar gauta, yana tambayar aljanin sunansa, ke kuwa tari kawai kike yi. An ce wata tsohuwa, muka je. Damina ta wuce, kaka ta wuce, kina faɗuwa kina ramewa, lakol ma kika daina zuwa, karatu ya tsaya. Sai da Goggo Rabi ta sake buɗe mini wuta, ta ce in ban kai ki Maradi ba ita za ta ɗauke ki a baya ta kai ki. Likita ya duba ki, ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa kamar yadda wani ke da na ƙirji, ya rubuta ƙwayar nan ƴar mitsitsiya. Na kalle ta a tafin hannuna na ce, wannan ce za ta yi abin da bargo da hayaƙi suka kasa? Ita ce kuwa, da ikon Allah.

Ban raina addu'a ba, Uwata, kin san ni. Ki yi azkar ɗinki safe da yamma, ki tofa ki shafa. Amma ki haɗiye ƙwayarki a kan lokaci. Can ƙauye za ki haɗu da tsofaffi masu kirki, irin waɗanda za su kawo miki fura ba ki roƙa ba. Wata cikinsu za ta ce iska ce, ki ajiye maganin asibiti don ba ya haɗuwa da nata. Kada ki yi mata gardama, ba a gardama da mai furfura. Ki gode mata, ki shiga ɗaki ki sha maganinki. Kada kuma ki ga kin daɗe ba ki faɗi ba ki ce kin warke, maganin ne yake riƙe da shi. Na san halinki sarai, sai kwalba ta yi ƙara ba komai ciki sannan ki ce "af". Can ba farmasi a bakin ƙofa kamar nan. Da kin ga ya yi ƙasa, ki nemi wani tun da sauran, ko ki bugo mini in aiko da direban da ke bin hanyar.

Yanzu ga wadda ta fi ci mini rai.

Da magani ya karɓe ki, kika koma lakol, kika yi ƙiba, sai na ce to, a rufe maganar. Na tara ku ke da innarki na ce daga yau duk wanda ya tambaya a ce iska ce ta taɓa ki kuma ta tafi. Ina tunanin bakin mutane, ina tunanin ranar da wani zai zo neman aurenki a tare shi a hanya a zuga shi. Kin gaya mini kafin ciwon ya zo kina jin wani wari kamar ana ƙona roba. Sai na ce miki, da bakin nan nawa, "In kin ji warin nan kuma akwai mutane, ki shige ɗaki ki sa sakata har ya wuce." Na ɗauka dabara ce. Har wani daɗi na ji wai na yi wa ɗiyata sutura.

Kin fi ni sanin ranar, amma ba ki san yadda ta kasance daga waje ba, ban taɓa gaya miki ba. Da hantsi ne, kina guga a ɗakinki da dutsen gawayi, kayan lakol. Maƙwabta sun shigo wurin innarki ana ta hira a tsakar gida ana ɓarar gyaɗa. Ni ina gindin bango ina gyaran wata rediyo, ina sa musu baki muna dariya. Na ji wani ƙwanƙwasa a jikin ƙofar kwano, a hankali, yana yi yana tsayawa. Na ce akuyar nan ce take soshe-soshenta, har na daka mata tsawa ban ko ɗaga kai ba. Na ci gaba da murɗa rediyona. Sai da ƙaurin tsumma ya bugi hancina sannan na waiga, na ga akuyar can ɗaure a turkenta tana tuƙa.

Dugaduganki ne suke bugun ƙofar.

Na tura, a rufe. Na kira ki, Uwata, Uwata, har na kira ainihin sunanki wanda ban taɓa furtawa ba saboda sunan mahaifiyata ne. Hayaƙi yana fitowa ta ƙasan ƙofa. Na sa kafaɗa, sakatar nan da ni na saya, ni na kafa ta da ƙusoshi masu kyau don kada ta yi wasa, ta ƙi ko motsi. Innarki ce ta miƙo mini taɓarya. Ban san sau nawa na buga ba. Da ƙofar ta ɓalle, ga ki kwance, dutsen guga ya kife, gawayi ya watse, zanen gado yana ci, hannunki na hagu yana kan garwashi ba ki ma sani ba. Duk matan da na ɓoye wa, ga su tsaye suna kallo, kuma su ne suka kawo ruwa suka kashe wutar. Ba wadda ta gudu a cikinsu. Ɗaya ma cewa ta yi, "Haba Malam Sani, da kun faɗa mana ai da mun sa ido."

Tabon yana nan a hannunki, kina rufe shi da dogon hannun riga ko ana zafin bazara. A ranar na cire sakatar ɗakinki, kuma har kika bar gidan nan ban mayar ba. Tana cikin tsohon akwatin kaset, na gan ta shekaranjiya ina neman ƙusa.

To ga amsar tambayarki. Ba wani fim da na taɓa sakawa a tele da ya kai wannan hantsin. Ƙofa a rufe, ke a ciki tare da abin, ni a waje taku kaɗan ina dariya. Mai wanke-wanken nan da ƴan kallo suke zagi, ni ne, sai dai ita ba ita ta ce wa ƴar uwarta ta sa sakata ba.

Shi ya sa maganarki ta tasha ta tsaya mini. Na gane muryata ce a bakinki. Ni na koya miki ɓoyo, kuma kin iya karatu, abin da aka koya miki ba kya mantawa. Yau ina roƙonki ki manta wannan ɗin.

Kin ce a waya an haɗa ku ɗaki da wata malama, Balki, Bagobira mai surutu, wai ta riga ta ba ki rabin igiyar shanya. Alhamdu lillahi, mai surutu ta fi mini mai shiru, aƙalla za ta iya ihu. Ki gaya mata. Kada ki ce sai kun saba, ciwon nan ba ya jiran sabo. Na san abin da kike tsoro: kada ta janye tabarmarta, ta ware kofinta, gobe ki ji ana nuna ki a bakin rijiya. Yana iya faruwa, ba zan yi miki ƙarya ba, kuma zai yi zafi. Amma wannan zafin ana kwana da shi a tashi. Darektan lakol ma ki same shi ki gaya masa a natse, don in ta faru a gaban yara ya zama akwai babba guda da ba zai ruɗe ba. Ba zai kore ki ba, da takardarki kika zo, ba alfarma aka yi miki ba. Mijin da nake ta ɓoye-ɓoye dominsa kuwa, in labari zai kore shi, gara ya kore shi tun yana bakin zaure.

In kin rasa ta inda za ki fara, ga dabara, kuma wannan karon na juya ta ta kowane gefe kafin in faɗa. A memorin waya da na tura miki fina-finai kafin ki tafi, na sa wannan na mai sakatar, na sha wuya kafin in same shi, biyan wanda na ƙona miki ne. Wata ranar hutu da rana, ku zauna ke da Balki ku kalla. Ki zuba mata ido. In aka zo wurin, za ki ga ta miƙe tana ce wa waya, "Ke, buɗe ƙofar!" Kowa yana yi, ban taɓa ganin wanda bai yi ba. To a nan ki tsayar da fim ɗin, ki naɗe hannun rigarki, ki nuna mata, ki ba ta labari.

Da rana na ce, ki lura. Na san ki da kallon tsoro a waya kin ƙudundune cikin bargo har barci ya gudu, gari ya waye idanunki kamar na mujiya. Likita ya faɗa a gabanki, rashin barci yana tayar da shi. Fim ba ya kawo aljani, wannan na yarda yanzu, na yi asarar kasusuwana a banza. Amma yana cinye barci, barci kuwa rabin maganinki ne. Rijiya kuma, ki bar wa wasu guga, kada ki leƙa, kada girman kai ya sa ki ce Madam ba ta roƙon ruwa. Girki ki yi shi a fili inda ido yake. Dutsen gawayi kuwa, in kina ƙaunata ki je aji da riga a yamutse.

Na san mace a baƙon wuri ba ta kwana ƙofa a buɗe, ban ce ki yi haka ba. In ku biyu ne a ciki, ku sa sakatarku ku yi barci. Amma in ke kaɗai ce, ko kin ji warin nan, ki tura ƙofar kawai ba sakata, ki kira sunan wani da ƙarfi, ki kwanta a ƙasa nesa da wuta. Ko duk ƙauyen ne a tsakar gidan, bari su gani.

Uwata, ni yanzu ɗan kallo ne a kan benci. Ina hango ki daga nan, ina kira, ban sani ba ko ana ji. Wancan karon taku kaɗan ne tsakaninmu kuma da ƙyar na isa. Yanzu daga Gazawa zuwa Cadakori sai an ratsa Maradi, kafaɗar ma ba ta da ƙarfin da. Sakatar can ba ni na kafa ta ba, ba ni da ikon cire ta. Don girman Allah, ranar da takardar nan ta same ki, kafin ki ninke ta, ki gaya wa Balki. Ki kuma nuna mata inda taɓaryar gidan take.

Allah ya kiyaye ki a zaune da a tsaye, ya kiyaye ki a inda idona bai kai ba. Ya sa kada ki taɓa faɗuwa sai a gaban mai tausayi, ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya sa albarka a cikin aikinki da yaran da kike koyarwa. Ya dawo mana da ke lafiya lokacin hutu. Amin.

In kin gaya mata, ki bugo ki ce mini "na faɗa", ko ba ki ƙara komai ba. Wayar tana aljihun gaba.

Naki,
Babanki Sani mai gidan kallo,
Gazawa.